Komandan Bai Gasu Ba

Ni da Sabiou mai cacanga, wato gasasshen nama, kontar lantarki ɗaya muke sha a gidan Hajiya Tsahara da ke unguwar Kpébié, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin kasuwa na tsinta ba. Ɗakina na kallon nasa. Sunana Lauratu, ana ce min Maman Rabi, sana'ata bisap, wato zoɓo, da ƙanƙara, dukiyata kaf tana cikin firigo guda. Shi kuma da la'asar yake tura rabin gangarsa da ragar ƙarfe zuwa karfur, mahaɗar hanyar unguwa, ya gasa nama har ya ƙare. Zan faɗi gaskiya tun yanzu don kada a ce hassada ce: a duk Parakou ban ci naman da ya kai nasa ba. Hannun Sabiou lafiyarsa ƙalau, bakinsa ne ba shi da birki. In ka ce masa jirgin sama ya lalace a Kotonu, zai ce da ma an kira shi, ai duk maganar wuta ce.

Da farkon damina Ziyad, autan Hajiya, ya dawo daga Beljik da abu biyu: niyyar buɗe gidan abinci a Djougou, garin mahaifinsa, da hawainiya a keji. Wata iri ce mai tudu a ka kamar hular soja, wai asalinta daga Yaman, sunanta Komandan. Ziyad ya nace namiji ne, a riƙa cewa "shi". Ni dai hawainiya "ita" ce a bakina ko da gemu ta fito. Tana da reshenta, tana da ganyenta, ana kawo mata gyare har gida, sannan an rataya mata ampul, wato ƙwan lantarki, a saman keji don ta sha ɗumi. Hajiya ta kalli ampul ɗin, ta kalli ɗanta, ta ce ita a ɗakin da babu ko fitilar ƙwai ta haife shi, kuma ga shi ya rayu.

Ziyad na neman wanda zai riƙe masa wutar gashi a Djougou: albashi duk wata, ɗaki a bayan gidan abincin, rumfar kwano da ruwa ba ya dukan mutum. Mutum biyu yake aunawa, Sabiou da wani Mansour na can. Hindou matar Sabiou 'yar Djougou ce, tsohuwarta na can ita kaɗai da ciwon ƙafa, kuma tun da ta ji maganar ta daina sayen duk abin da ba zai shiga buhu ba. Ba ta ce wa kowa komai ba, amma na ga ta wanke akwatinta ta kifa shi a rana.

Ranar da Ziyad zai wuce Djougou ya ƙarasa gyaran wurin, ampul ɗin Komandan ya mutu. Ba zai tafi da ita ba saboda warin fenti. Hajiya ta ce in aka bar mata, za ta buɗe ƙofar kejin ta shiga ɗaki ta tayar da salla mai tsawo. Ana cikin haka Sabiou ya fito yana sakace.

"Patron, mece ce matsalar?"

"Zafi ne, Malam Sabiou. Wuri ɗaya yake buƙata mai ɗumi, trente degrés, digiri talatin haka, kada ya wuce. Ampul na soixante watts, mai sittin ke nan, irin na da mai zafi, a ɗaga shi kamu guda daga reshen. Sauran kejin a bar shi da sanyinsa, in ya gaji ya sauka."

Sabiou ya cire tsinken daga baki. "Patron, ka shigo gidan zafi kana tambaya ko akwai."

"To ka lura da launinsa. In ka ga ya yi duhu..."

"Launi? Ni za a koya wa launi? Tun kana rarrafe nake karanta launi a kan wuta. Baƙi ya ƙone, fari bai gasu ba, tsakiya shi ne daidai."

Wayar Ziyad ta yi ƙara, mai fenti ne daga Djougou. Ya ɗaga yatsa alamar zai dawo kan maganar, bai kuwa dawo ba. Sai a bakin mota ya juyo ya ce, "Ka kawo min shi lafiya ranar buɗewa, ka zo da kayan aikinka. Wanda ya iya riƙe wa Komandan zafi, ba sai na gwada shi a nama ba."

Abin da wayar ta cinye, daga baya na ji shi a bakin Ziyad. Hawainiya in ta ji sanyi duhu take yi don ta ja zafi. In zafi ya yi mata yawa sai ta koɗe ta yi fari-fari, ta buɗe baki. Wato komai nata kishiyar nama ne. Sabiou kuwa bai taɓa yarda akwai abu mai tsoka a duniya da ya saɓa wa nama ba.

Ya tafi kasuwa ya dawo da wani ƙaton ampul fari irin na zamani, mai kashe ido, wanda ko ka rungume shi ba za ka ji ɗumi ba. Mai kanti ya ce masa irin na da ya yi wuya, shi kuma ya ce ai da ma sittin na 'yan koyo ne, a ba shi wanda aka rubuta ɗari a kwalinsa. Ya rataya, ya kira mu muka gani, ya kira Iliassou tela na ɗakin ƙarshe shi ma ya gani. Washegari aka tashi da yayyafi irin na Agusta, mai sa mutum neman rigar sanyin da ya manta inda ya ajiye. Ina hura gawayi na ji ana ƙwanƙwasa min ƙofa a hankali.

"Maman Rabi, ki taimaka min da ƙanƙara."

"Ta sha ko ta ciwo?"

"Komandan ya ɗan ɗauki wuta."

Na je na duba. Hawainiyar na manne a ƙarƙashin ampul, ta yi duhu, ta ƙanƙame reshen. Na sa hannu na taɓa ampul ɗin.

"Malam Sabiou, wannan ko ƙuda ba zai ƙona ba."

"Shi ya sa ke kike sayar da ruwa, ni nake sayar da nama. Wutar zamani daga ciki take ci. Ke dai dubi launin."

Ya kashe ampul, ya jera ƙanƙarata kewaye da keji, ya ba Hindou mafici ya ce ta yi ta yi. Hindou na fifita tana kallon bango. Kafin hantsi hawainiyar ta koma launin gindin tukunya, ko idon nan nata mai juyawa ya daina juyawa. Sabiou ya zagaya kejin, ya dawo ya tsaya a gabana yana murza hannu.

"Maman Rabi, firigon nan naki. Ɗan lokaci kaɗan, a saman robobin."

"Ranar da hawainiya ta shiga firigona, ka tabbata an riga an yi min salla."

"Namiji ne fa."

"Ko prefe ne mai mulkin gari."

Ya tafi kwata sayen nama yana faɗin cewa rashin haɗin kai ne ya hana unguwar nan ci gaba. Bayan fitarsa rana ta ɓullo. Hindou na son share ɗakinta, ta ɗauki kejin da bakin zani ta dire shi a tsakar gida. Ba a jima ba hawainiyar ta miƙe ƙafa, ta yi kore shar, har ta cafke wani ƙuda da harshe. Sai dai Hindou ta manta da ita a wurin, ranar azahar ta sauka a kan kejin gaba ɗaya. Da Sabiou ya dawo, ya same ta ta koɗe ta yi fari-fari, baki a buɗe. Ya ajiye cinyar saniyar da ke kafaɗarsa.

"Kun ga abin da ƙanƙarar Maman Rabi ta yi? Ɗanye sharaf. Dubi yadda yake hamma don sanyi."

Iliassou ya leƙo daga kan kekensa. "Ni kamar haki na gani."

"Kai ɗinka wandonka."

Daga nan aka shiga zamanin fitilu. Ya hau zem, babur ɗin haya, zuwa Tourou, wurin wani mai kiwon kaji, ya aro jar fitilar da ake ɗumama 'yan tsaki da ita. Komandan ta gudu can ƙasan keji ta ƙara koɗewa. Sabiou ya ce wutar ba ta kai ƙasa ba, ya je wurin mai hayar kujerun biki ya ɗauko furojekta irin wadda ake haska filin rawa. Ɗakin Hindou ya koma gidan burodi, ita da tabarmarta suka dawo ƙofata. Da ya ga har yanzu da sauran fari, sai ya ƙara da resho na lantarki a ƙarƙashin tebur. Yana jona shi aka ji ƙas daga zaure, gidan duka ya yi tsit. Abin nan da ke yanke kuran, wato wutar lantarki, in an yi masa nauyi ya yi aikinsa.

Firigona ya yi shiru. Keken Iliassou ya tsaya a tsakiyar wuyan rigar wani ango. Fankar Hajiya ta yi juyi biyu na ban kwana. Muka fito tsakar gida kowa da abin da zai faɗa, sai ga Sabiou ya fito da keji a hannu yana murmushi. A cikin sanyin da ya biyo baya hawainiyar ta rufe baki, koren ya fara dawo mata.

"Kun gani? Nama ma haka yake. Sai an sauke shi ya huta sannan launin yake zama."

Saboda haka ya mayar da abin tsari. Ya kunna komai, kuran ya yanke, Komandan ta farfaɗo, ya je zaure ya ɗaga, ya sake kunnawa. Ya ce wannan shi ake kira gashi biyu, ba kowa ya san shi ba. Ni kuwa ƙanƙarata ta koma ruwa ta koma ƙanƙara ta sake komawa ruwa, bisap ɗina ya yi tsami, sai da na zubar da roba guda cur a kwata ina ji ina gani. Ban yi kuka ba, amma na faɗa masa maganganun da har yau in na tuna sai na yi istigfari, ba wai don ba gaskiya ba ne. Angon Iliassou ya zo karɓar riga ya samu wuya rabi, ya tambaya ko sabon yayi ne.

Hajiya ce ta kashe maganar. Ta fito da carbi a hannu, ta sa Iliassou ya cire abin jona wuta na ɗakin Sabiou gaba ɗaya, ta saka shi a aljihun hijabinta.

"Hajiya, dabbar ɗanki ce fa."

"Ɗan nawa ne. Dabbar ban san uwarta ba."

Da yamma Ziyad ya kira, muna jin su don Sabiou ba ya amsa waya sai kowa ya ji.

"Ça va, Komandan?"

"Patron, lafiya lau. Kullum ina juya shi."

"Juya shi kamar yaya?"

"Maganar aiki ce, Patron, kai dai ka ji da fenti."

Da aka raba shi da kuran, Sabiou ya ce da ma can bai yarda da wutar da ba ta da hayaƙi ba. Washegari bayan azahar ya jawo rabin gangarsa tsakar gida, ya hura gawayi, ya bari ya ci ya mutu har ya zama toka mai ɗumi. Ya ɗora ragar ƙarfen, ya miƙa bayan hannunsa a kai, ya rage toka, ya sake miƙawa. Sannan ya zaro reshen da hawainiyar a kai ya kwantar da shi a kan ragar.

A nan dole in yi masa adalci. Bayan hannun Sabiou ya fi duk ampul ɗin Parakou sanin zafi. Tun da aka bar masa ita, ranar ce ta farko da hawainiyar ta samu ɗumin da take so daga hannunsa. Ta baje haƙarƙari, ta yi kore mai ɗigon rawaya, sannan ta sauka daga reshen ta kama tafiya a kan ragar, tana kama ƙarfen ɗaya bayan ɗaya da 'yan yatsunta kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi. In ta kai wannan gefe sai ya sa matsen nama ya juya ta ta nufi wancan, don kada ɓari ɗaya ya fi. Da la'asar ta yi ya mayar da ita keji, ya goge ragar da takardar buhun siminti, ya ɗora naman ranar.

Na ce, "Ba za ka wanke ba?"

"Wuta ta fi sabulu."

Daga ranar ban sake cin namansa ba, ban kuma gaya wa kowa dalili ba. Na buɗe baki sau ɗaya zan yi magana a gaban Hajiya, sai Hindou ta kalle ni. Kallon mace ce da ta riga ta gaya wa tsohuwarta a waya cewa ta kusa dawowa. Na ji nauyinta ƙwarai, na haɗiye maganata.

Ana gobe tafiya, fatar hawainiyar ta fara ɗayewa fari-fari, abin da Ziyad ya ce daga baya saɓa ce kawai irin ta kowane ƙadangare. Sabiou ya duba da idon sana'a ya ce bushewa ce, ya ɗauko gashin kazar da yake shafa wa nama mai, ya shafe ta da man gyaɗa tun daga hula har wutsiya. Hindou ta lallaɓa ta ɗauke kwalbar yajin da ke kusa da hannunsa ta ɓoye a bayan randa, don hannu yana da sabo.

Tare muka shiga taksin Djougou, don Ziyad ni ya ba aikin abin sha. Kulolina a but, ragar Sabiou a ɗaure a saman mota, kejin a cinyarsa an lulluɓe da zani. Wani dattijo da ke gefensa ya tambayi me ke ciki.

"Baƙo ne daga Yaman."

Dattijon ya yi wa kejin sallama, ya ce Allah ya sa an zo a sa'a. Aka tafi lafiya har wajen Partago, inda mota ta faɗa rami zanin ya zame. Wata mata da ke bayanmu ta haɗa ido da Komandan, ko in ce da ido ɗaya, don ɗayan na kallon direba. Ta ce a tsaya. Dattijon ya ce yana so a dawo masa da sallamarsa. Direba ya yanke hukunci, ko keji ya koma but ko mai keji ya sauka. Aka cusa shi tsakanin kulolina, ga inuwa ga iska. Sabiou ya yi ta ƙorafi har Djougou wai za a mayar masa da aiki ɗanye.

Gidan abincin ya yi kyau, ba laifi. An kafa rumfa a gaba, an jera kujeru, ga alhazan kasuwa da manyan riguna, ga 'yan boko abokan Ziyad, ga limamin unguwa da ya buɗe da addu'a. Tsohuwar Hindou ma an kawo ta a moto an zaunar da ita a gaba, Hindou na tsugune a gefenta tana matsa mata ƙafa. Mansour na can bayan rumfa ya naɗe hannu. Sabiou ya ɗora ragarsa ya fara aiki, kuma wallahi ya yi aiki. Ƙanshin ya tsallaka titi. Faranti na zuwa yana komawa wayam, wani Alhaji ya ce tun rasuwar mahaifinsa bai ci irin wannan ba. Mansour da kansa ya ɗanɗana yanka ɗaya, ya kalli ƙasa, ya fara neman takalminsa.

Sai Ziyad ya sa aka kawo kejin ya yaye zanin. Komandan ta sha inuwar kuloli, ta fito kore shar, tana sheƙin man gyaɗa. Ziyad ya duba ta sama da ƙasa, ya ga ɗan tabon ƙuna a kan hular. Ya ɗauki makirfo ya ce ga mutumin da zai riƙe wutar wannan gida, ya riƙe masa amana, ya kuma ciyar da jama'a. Aka tafa. Hindou ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Sannan Ziyad ya juyo, cikin raha kawai, ya ce, "Wane ampul ka samu a ƙarshe, Malam Sabiou?"

Kalma ɗaya ake nema. Ya ce sittin, ya koma bakin wutarsa, shi ke nan an gama. Na ga Hindou ta ɗago tana roƙonsa da ido. Sabiou ya goge hannu a gaban riga ya karɓi makirfon.

"Patron, jama'a, ampul ƙarya ce. Na gwada fari, na gwada ja, na gwada na biki. Babu abin da ya kai gawayi. Kullum bayan azahar nake ɗora shi, in juya wannan gefe, in juya wancan, in shafa masa mai, sai ya yi daidai in sauke."

Ziyad ya ce, "Ka ɗora shi a kan me?"

Sabiou ya daki ragar da matsen nama, ta yi ƙara. "A kan wannan mana. Raga ɗaya gare ni, Patron, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Shi da naman da kuke ci, hannu ɗaya, wuta ɗaya, raga ɗaya."

Ba wanda ya yi ihu. Abin a hankali ya faru, layi bayan layi, kamar ana sallame salla. Alhajin da ya tuna mahaifinsa ya ajiye farantinsa a ƙasa ya tura shi da ƙafa. 'Yan bokon suka daina tauna suna kallon juna. Liman na da yanka a baki, ya rasa gaba ya rasa baya, ya zauna da kumatu a cike yana kallon sama. Wata Hajiya ta tambayi inda ake alwala. Bisap ɗina kuwa ya ƙare tas cikin ɗan lokaci, kowa na kurkure baki da shi.

Sabiou ya ga shirun ya ɗauka sauraro ne. Ya ƙara da cewa kada kowa ya damu, dabbar tana da tsabta, ƙafafunta kawai take takawa, kuma sau ɗaya tak ta yi kashi a kai.

Ziyad ya karɓi makirfon ya kashe shi. Ya ɗauki kejin da kansa ya shiga ciki. Da ya fito, rumfar ta zama kujeru zalla, sai tsohuwar Hindou da ba ta iya tashi ita kaɗai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Mansour ya zo gobe da safe da tasa ragar, sabuwa, a cikin ledarta. Ya ce wa Sabiou akwai taksin Parakou kafin magariba.

"Patron, amma ka ga launinsa."

"Na gani, Malam Sabiou. Merci."

Hindou ta raka tsohuwarta gida, ta dawo tasha idonta ja. A mota ta riƙe ragar a tsaye tsakanin gwiwoyinta don direban ya ƙi ɗaura ta a sama. Na zauna kusa da ita ina jin haushin mijinta kamar in shaƙe shi, ina kuma jin tausayinsa, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Labarin ya riga mu isa Parakou, don direbobin hanyar nan ba sa ɗaukar kaya kawai. Washegari Sabiou ya sayi sabuwar raga, ya rataya tsohuwar a jikin bishiyar karfur don kowa ya ga ya canza. Mutane suka ce nan ne yake shanya hawainiyoyin. Ya hura wuta, ya jera nama, ƙanshi ya cika unguwa kamar kullum. 'Yan zem da suka saba tsayawa suka riƙa rage gudu, su shaƙa, su gaishe shi da hannu, su wuce. Ina gefe da kulata ina kallo. Haka aka yi ta yi yamma bayan yamma, Hindou na zuwa da tire ta kwashe abin da bai saidu ba, wato duka. Akwatin nan nata ta mayar da shi ƙarƙashin gado.

Ranar Juma'a gab da magariba wani mutum ya tsaya, baƙo ne, da jaka a hammata. Ya duba hagu ya duba dama, ya matso kusa da gangar ya rage murya.

"Kai ne Sabiou? An ce kana gasa hawainiya. Ta magani nake so, guda ɗaya."

Shi ne mutum na farko da ya tsaya a gaban wutar tun dawowarmu. Sabiou ya kalli naman da ke jere ba a taɓa ba, ya kalli Hindou da ke tsaye da tire a hannu. Ya gyara tsayuwa, ya juya wani yanka da ba ya buƙatar juyi.

"Ta ƙare," ya ce. "Gobe ka zo da wuri."

Hindou ta ajiye tiren a ƙasa ta tafi gida.